Tarin Biyar Da Rabi

Talata, 1 ga Yuli, bayan la'asar

Na ji muryarshi yau.

Bari in rubuta a hankali. Shekara talatin na yi ina shugabar makarantar firamare, kullum sai na rubuta abin da ya faru a littafin makaranta. Ban taɓa rubuta ƙarya ba, ba kuma yau zan fara ba. Ina tsakar gida ina tsintar shinkafa sai na ji an ce, “Jama'a, an wuni lafiya? Ya gajiya? Ya ruwa?” Daga ɗakinshi. Har da ɗan jan hancin nan da yake yi kafin ya fara magana. Faifan ya suɓuce mani, kaji suka samu rabonsu.

Na tura ƙofa, sai ga ɗiyata Zulaihat zaune kan kujerarshi, kwamfutarshi a buɗe, fuskarta sharkaf da hawaye. Ta rufe abin da sauri, ta ce ba komai Umma, wasa ne. Wasa. Yau kwana arba'in da biyu da rasuwarshi.

Na koma na kwashe abin da kajin suka rage.

Laraba, 2 ga Yuli, hantsi

Na tsare ta kafin ta tafi aiki asibiti, na ce ba inda za ta sai ta yi mani bayani.

Ta ce wasan nan da Yayanta ke yi a kwamfuta, wanda na sha cewa aikin marasa aiki ne, duniya ce guda a intanet, da garuruwanta da kasuwanni da yaƙe-yaƙe, mutane na shiga daga ƙasashe daban-daban. Kowa yana cikin wata runduna. Tasu ta 'yan Katsina sunanta Rundunar Ganuwa, mutum sittin da 'yan kai, kuma wai shi ne shugabansu shekara huɗu. Shi, da nake ganin ko kaji ba zai iya korawa akurki ba.

Ta ce a cikin wasan akwai mutanen da ba kowa ke riƙe da su ba, na'ura ce ke motsa su tana yi masu magana: masu gadi, fatake, har da sarakuna. Dokar wasan kuwa, idan shugaban runduna ya yi kwana talatin bai shiga ba, ba a kuma zaɓi wani ba, sai na'urar ta naɗa ɗaya daga cikin irin waɗannan ya yi riƙon ƙwarya. Don kada jama'a su watse, sai ta kwashi duk maganganun da tsohon shugaban ya taɓa yi a ciki, da muryarshi, da yadda yake ba da umarni, ta ɗora wa mai riƙon. Har sunan ba ta canzawa.

Na ce to me ya hana su zaɓi wani tun farko? Ta ce kunya suka ji. Ana zaman makoki, babu wanda ya iya danna wurin da aka rubuta a sauke shi. Wannan ya ce wancan ya danna, wancan ya ce Allah ya kiyaye, har kwana talatin ta cika.

Wato ladabinsu ne ya jawo mani wannan. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Laraba, da yamma

Na kulle ɗakin. Makullin yana ƙulle a bakin zanena.

Juma'a, 4 ga Yuli, bayan azahar

Hular kwanonshi ta hawa babur tana nan kan benci a zaure. Zulaihat ta so ta shigo da ita ciki, na ce ta bar ta inda take.

Lahadi, 6 ga Yuli, bayan la'asar

Yau na ga abin da ya ɗaure mani kai. Maza bakwai suka yi sallama, kowa da kaftani da hula kamar masu zuwa ɗaurin aure. Na gabansu Muttaka ne, abokinshi tun suna aji ɗaya a makarantata, yanzu tela ne a Ƙofar 'Yandaka. Na sha dukan Muttaka a kan lissafi. Cikin sauran akwai Habibu mai kantin magani, akwai wani har da furfura a gemu. Na zata yara ne ke wasan nan. Suka durƙusa a zaure, aka gaisa, aka sake gaisawa, aka yi addu'a, sannan Muttaka ya ce shi ne mataimaki a rundunar, kuma wata alfarma ta kawo su.

Ya ce ranar Asabar, sha tara ga wata, ƙarfe shida na yamma, zangon wasan zai ƙare. Kafin lokacin dole su zaɓi ɗaya cikin biyu. In sun naɗa sabon shugaba, na'urar za ta share mai riƙon ƙwarya, da muryar da komai, ba kuma a dawo da ita. In sun yi shiru, za a tabbatar da shi kan kujerar, ba mai iya sauke shi kuma.

Na ce to ni mene ne nawa a ciki?

Ya sunkuyar da kai ya ce, “Hajiya, mun zauna mun ga ba mu da hurumin kashe muryar ɗan mutane. Ke kika haife shi. Abin da kika ce shi za mu yi.”

A gaban mutane ya faɗi haka. Ke kika haife shi. Kunya ta kama ni, na ja mayafi na kalli bango. Yaron nan tun yana ƙarami ba ya auna magana. Na ce masu na ji, su tafi zan yi tunani. Da za su fita, idon Muttaka ya sauka kan benci, ya yi saurin ɗauke kai.

Litinin, 7 ga Yuli, bayan asuba

Wanda zai karanta littafin nan bayana, ya sani ɗan fari ne. Ban taɓa kiran sunanshi ba. Haka na tashi na ga Innarmu tana yi da Yaya Sule, haka tata uwar ta yi. Na yi boko, na yaƙi al'adu da yawa, ni na riƙa bin gidaje a Ƙofar Durbi ina jawo 'ya'ya mata aji, amma wannan guda ɗaya ta fi ƙarfina. Wurin kakarshi aka yaye shi, sai da ya shekara bakwai ya dawo. Sauran yara Umma suke ce mani, shi kuwa Hajiya.

In ina son a faɗa mashi abu, sai in ce Zulai, ki gaya wa Yayanki. Ko yana zaune gabana. In baƙuwa ta tambaya sai in ce wancan na ɗakin zaure. Shekara talatin da ɗaya.

Da likita ya ce yana da gyambon ciki, kada ya riƙa wuce lokacin abinci, sai na samo dabara. Yakan taso daga shagon buga takardu ƙarfe huɗu ya shige ɗaki. Biyar da rabi in ajiye kwano bakin ƙofarshi, in yi tari sau biyu, in wuce. Bai taɓa ce mani komai a kai ba, ni ma haka. Sai dai in ga kwano wanke a kife.

Talata, 8 ga Yuli

Ba na son Talata.

Laraba, 9 ga Yuli, bayan magariba

Na kwance makullin na ba Zulaihat. Ban shiga ba, kujera 'yar tsuguno na jawo bakin ƙofa.

Yaƙi suke. Ina jin ƙarar ƙarafa da muryoyin mutane, sannan tashi a sama da duka. Habibu, ka riƙe gada. Muttaka, kada ka yi gaggawa, bari su shigo tukuna. Madalla, Allah ya yi albarka. Wallahi ban san yana da murya irin wannan ba. A gabana kullum ƙasa-ƙasa yake magana. Manyan mutane suna ce mashi to, an gama. Na zauna baki buɗe.

Sai agogon tsakar gida ya buga biyar da rabi. Muryar ta ce, “Jama'a, a ja da baya a tsare ƙofa. Hajiya ta kusa tari, zan je in ci abinci.” Daga nan shiru.

Ban san lokacin da na zame daga kujerar ba.

Zulaihat ta fito ta kama ni. Ta ce kullum haka yake yi, tun da aka naɗa shi. Da Yaya na nan, in ya faɗi haka sai ya miƙa wa Muttaka ragama ya tashi. Shi wannan bai iya miƙawa ba, sai ya fice ya bar su minti sha biyar ba mai ba da umarni. Wata runduna ta wata ƙasa ta gane lokacin, biyar da rabi daidai suke kawo hari. Garuruwa biyu sun tafi, saura babban birninsu kaɗai.

Na ce wato duk sun san da tarin? Ta ce Umma, shekara huɗu suna jin shi ta lasifika. Har suna suka saka wa lokacin.

Alhamis, 10 ga Yuli, hantsi

Mutum sittin. Ni ina nan ina ganin sirri ne tsakanina da shi.

Asabar, 12 ga Yuli, bayan azahar

Muttaka ya zo shi kaɗai, wai ya kawo wa Zulaihat ɗinkinta. Ƙarya ce, amsa ya zo nema, bai samu ba. Cikin hira ya ce da abin ya ishe su har gwadawa suka yi, Habibu ya yi wa mai riƙon ƙwaryar tari tun ƙarfe huɗu, ko zai je ya dawo kafin abokan gaba su iso. Mutum uku suka gwada, ko kallonsu bai yi ba. Na ce wato ni kuka mayar abin kwaikwayo? Ya dinga rantse-rantse yana ba da haƙuri. Na wanke shi tas, kamar yana aji huɗu. Bayan na gama kuma na ji tausayinshi, ya rame sosai.

Da zai tafi na tambaye shi, ina kallon wani wuri, ko ana iya yi wa abin magana. Ya ce ƙwarai, kowa yana iyawa. Sai dai mutanen na'ura ba sa amsawa sai an kira su da sunan da ke rubuce a saman kansu.

Na ce to, sauka lafiya.

Lahadi, 13 ga Yuli, da safe

Zulaihat tana aikin safe. Ta nuna mani inda ake dannawa jiya, wai ko da zan so.

Yana tsaye a ƙofar wani birni mai jar ganuwa, da shuɗiyar riga da garkuwa. Fuskar ba tashi ba ce, zane ne kawai. Amma sunan yana nan a sama da farin rubutu. Na saka abin sauraronshi a kunne, har yanzu yana ƙamshin man da yake shafawa.

Na ce, “Yayan Zulai.” Shiru. Na ce, “Kai.” Shiru. Na ce salamu alaikum sau uku. Yana tsaye yana numfashi irin nasu na ƙarya, iska tana kaɗa rigar. Na buɗe baki, harshena ya kai inda zai fara, ya tsaya. Ni da na yi shekara talatin ina kiran sunayen 'ya'yan mutane kowace safiya, ɗaya bayan ɗaya.

Na kashe na fito. Wake ya ƙone.

Talata, 15 ga Yuli, bayan la'asar

Na je unguwar Gobarau wurin Yaya Sule. Na zayyana mashi komai, ban da abu ɗaya. Na zata zai yi faɗa ya ce aikin shaiɗan ne. Sai ya ja carbinshi, sannan ya ce ai wannan ba shi ba ne, kuma na fi kowa sani. Wanda ya tafi addu'a yake buƙata, ba hira ba. Ya ce shi ba zai ce mani in share ko in bari ba, amma kada in yarda in mayar da ɗakin nan wurin ziyara.

Da na miƙe sai ya ce, “Rakiya, Inna ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunana ba. Ko rana ɗaya ban yi shakkar ta ba. Me kike son faɗa mashi ne?”

Na ce ba komai, Yaya. Ya ce ajali ne fa. Na ce na sani.

Kowa ajali, ajali. Ba su san abin da na sani ba.

Laraba, 16 ga Yuli, hantsi

An yi ruwa da iska, feshi ya shigo zaure ya jiƙa hular. Na goge ta da gefen mayafina na mayar.

Alhamis, 17 ga Yuli, bayan asuba

Na ce ban taɓa rubuta ƙarya ba. Amma ɓoyewa ma ai 'yar'uwarta ce.

Duk Katsina wa ke saka hular kwano? Shi kaɗai, abokai suna yi mashi dariya. Ni na tilasta, ta bakin Zulaihat, ranar da ya sayi babur. Bai taɓa fita babu ita ba.

Ranar Talatar nan ya makara. Ya ajiye ta kan benci zai fitar da babur, wayarshi ta yi ƙara, ya fita yana magana. Na fito da tsintsiya na gan ta. Na ɗauka, na leƙa ƙofa. Yana bakin lungu yana buga mashin, bai fi taku arba'in ba. Matan maƙwabta biyu suna tsaye wurin mai ƙosai. Zulaihat tana wanka.

Na yi tari. Injin ya tashi. Na sake yin tari da ƙarfi, matan suka juyo suka ce sannu Hajiya, mura ce? Da na ɗaga murya da ya ji, na san da ya ji. Sunan gaɓa biyu ne kacal. Na kalli matan nan, na kalli bayanshi, ya sha kwana.

Na mayar da ita kan benci na ce ai zai dawo ya ɗauka.

Kafin hantsi aka kira Zulaihat, ya yi haɗari. Ita ta gan shi a asibiti. Na ji tana gaya wa wata a zaman makoki, ba ta san ina ji ba, wai jikinshi ko ƙwarzane babu. Kai ne kawai.

Shi ke nan. Na rubuta.

Juma'a, 18 ga Yuli, bayan magariba

Na gaya wa Zulaihat zan ce su bar shi kan kujerar. Ko ba komai in na wuce ta ƙofar zan riƙa jin motsi.

Yarinyar nan da ba ta taɓa ɗaga mani murya ba, yau ta ɗaga. Ta ce tun da abin ya fara ba ta iya cin abinci, in ta shiga kuka, in ba ta shiga ba kuka. Ta ce mutanen nan sittin sun kasa yin makokinsu su gama, kullum yana gaishe su ya gajiya. Ta ce, “Umma, in kin bar shi, kullum biyar da rabi zai ce kin kusa tari. Har bayan ke ma ba kya nan.”

Na ce ta fita ta ba ni wuri. Ta fita. Ban ci tuwo ba, ita ma ba ta ci ba.

Asabar, 19 ga Yuli, bayan magariba

Muttaka ya iso ƙarfe biyar saura. Ya ce duk suna cikin wasan suna jira, sun riga sun yarda da wanda za su naɗa in na ba da izini, dannawa ɗaya ta rage. Na shiga ɗakin na zauna. Shi da Zulaihat suka juya za su ba ni wuri, na ce su tsaya. Na ce a bar ƙofa a buɗe, a kuma ƙara lasifika kowa ya ji. Na ɗauko hular daga zaure na ɗora kan cinyata.

Biyar da minti goma. Yana tsaye inda na bar shi.

Na faɗa. Da ƙarfi na faɗi sunan, irin ƙarfin da zai kai bakin lungu. Zulaihat ta toshe bakinta da hannu.

Ya juyo. Ya ja hanci. Ya ce, “Na'am. Barka da yamma. Ban gane muryar ba, sabuwar shiga ce?”

To ina zai gane? Na daure na ce, “Ka manta hularka.”

Ya ce, “Babu hula cikin kayan da na rasa. In kina buƙatar garkuwa ki ga Habibu.”

Muttaka ya kife fuskarshi a bango. Ni kuwa sai na ji wani abu ya sake ni. Yaya Sule ya yi gaskiya, ba shi ba ne. Wanda nake son gaya wa maganar ba ya cikin akwatin nan. Na so in ce a kashe, amma kuka ya shaƙe ni, ya tsaya mani a maƙogwaro. Ban yi niyya ba, Allah shaida. Tari ya zo mani, sau biyu.

Muryar ta canza. Ta yi ƙasa-ƙasa, irin wadda na sani.

“Jama'a, a dakata. Hajiya ce ke kira. Ga ni nan, Hajiya.”

Biyar da rabi ba ta yi ba, saura minti ashirin. Ya ajiye garkuwar, ya juya, ya shige ta ƙofar birnin. Ta lasifika ina jin wani babban mutum yana shessheƙa, ban san ko waye ba.

Kira ya ce. Shekara huɗu yana gaya wa mutane kira ne.

Na ce, “Muttaka, yanzu. Kafin ya dawo.”

Ya dube ni, na ɗaga mashi kai. Ya danna.

Lahadi, 20 ga Yuli, biyar da rabi

Muttaka suka naɗa. Ya ce birnin ya tafi jiya, babu wanda ya iya ɗaga takobi, amma za su sake ginawa. Na ba shi hular, na ce in na gan shi kan babur babu ita, bulalar aji huɗu tana nan. Ya karɓa da hannu biyu.

Na gaya wa Zulaihat maganar ranar Talata. Ta daɗe tana riƙe da hannuna. Ba ta ce ajali ba, Allah ya yi mata albarka.

Ɗazu na tsinci kaina da kwano a hannu bakin ƙofar. Na tsaya, na yi mashi addu'a, na kai wa Zulai ta ci.

Sunanshi Mannir. Ni na haife shi.